Shaida na Biyu a Masaukin Jelani

Alhamis, 29 ga Agusta, ƙarfe 5:30 na yamma

Na iso. Daga Wurno awa ɗaya da rabi a kan babur, rabin hanyar cikin taɓo. Masaukin Jelani yana kan wani tudu a bakin gulbin Rima, ƙasa da madatsar ruwa ta Goronyo. Ɗakuna shida na laka da jinka, randa a kowane ɗaki, farantan sola uku a bayan madafa. Babu janareta, babu rediyo, babu leda. Ruwan wanka yana bin kwata zuwa gindin gwanda. Jelani ya ce da sanyi masu kallon tsuntsaye ke cika wurin, Turawa da malaman jami'a. Yanzu damina ce, ni kaɗai ne baƙo.

Shekara talatin da ɗaya ke nan da muka zauna benci ɗaya a makaranta, har yau bai daina kira na Edita ba.

"Edita, ka zaka da alƙalaminka na tuhuma? To rubuta, nan ko sauro ba a kashewa sai an yi mai gargaɗi."

Na ce masa mujallar da ta aiko ni labarin masaukin take so, ba labarin bakinsa ba, kuma ni ba na buga abin da ban ji daga bakin mutum biyu ba.

Ya ɗaga murya ya kira matarsa. "Uwaliya, zaka ki zama baki na biyu. Wanga mutum ko ka ce mai gari ya waye sai ya tambayi zakara."

Ta aje mana tuwo ta ce, "Malam Gidaɗo, ku ci tun bai huce ba. Ku biyun ga ba ku girma."

Wayar masaukin ɗaya ce. Tana rataye cikin ƙwarya a reshen gawon da ke ƙofar ɗakina, don nan kaɗai sabis ke kamawa. Jelani ya ce in ta yi ƙara in ɗauka, ya naɗa ni sakatare.

Akwai matakala goma sha biyu da ya sassaƙa daga tudun zuwa inda yake ɗaure kwalekwale. Na ƙirga daga ƙasa. Ruwa a mataki na huɗu.

Juma'a, 30 ga Agusta, ƙarfe 7:15 na safe

Kunu da zuma. Zumar tasa ce. Yana da amya goma sha huɗu a kan itatuwan wani ɗan tsibiri da ke tsakiyar gulbi, ana hango shi daga matakala. Ya ce dole ya sauko da su kafin a saki ruwa daga madatsa, amma da sauran lokaci, sai mako mai zuwa. Wani abokinsa Attahiru, da ke aiki a ƙofofin ruwa, yakan bugo masa waya in za a buɗe.

Na ga zalɓe biyu, da garken kirinjijiya, da wani tsuntsu mai jan baki da Jelani ya ƙi gaya mini sunansa sai na yarda wurin ya fi otal ɗin Abuja. Ban yarda ba. Amma na yi barci kamar gawa.

Asabar, 31 ga Agusta, ƙarfe 6:10 na yamma

Jelani ya tafi tsibiri da hantsi. An saki ruwa. Bai dawo ba.

Ruwa a mataki na tara.

Lahadi, 1 ga Satumba, ƙarfe 4:00 na yamma

Abin da aka sani:

An yi shelar sakin ruwa a ƙauyukan bakin gulbi jiya da safe, an kuma faɗa a rediyo. Nan babu rediyo.

Mainasara, shugaban masuntan ƙauyen ƙetare, ya fita da kwalekwale bakwai tun jiya. Yau da hantsi sun sami na Jelani a kife cikin ciyawa, tafiyar rabin awa daga nan. Sun sami amya uku, shi ba su gan shi ba. Sun sami filafili.

Mai unguwa ya zo ya tambayi kowa inda yake lokacin da abin ya faru. Uwaliya tana daka a cikin gida. Na ce ina ɗaki ina rubutu.

Haka na faɗa.

Talata, 3 ga Satumba, ƙarfe 2:45 na rana

Malam Lawwali ya zo daga Wurno. Ƙanen mahaifin Jelani ne, tsohon malami, gidansu gidan karatu ne tun kakanni. An shimfiɗa masa tabarma a zaure, Uwaliya ta zauna bayan asabari. Ni da Mainasara muna gefe.

Ya yi magana a hankali, kamar mai karanta takarda. Ya ce mu ba mu yi wa wanda ba a gani ba sallar gawa, ba hanyar malamanmu ba ce. Ya ce game da Uwaliya hanya biyu ce. In mutum biyu amintattu suka shaida sun ga ruwa ya ci shi da idonsu, a wurin da mai rai ba ya fita, to sai a tabbatar da rasuwa, ta shiga takaba, wata huɗu da kwana goma, ana ƙirgawa daga ranar da abin ya faru. In babu, to ɓatacce ne. Sai a kai gaban alƙali, jira kuwa yana iya kai shekara huɗu. Ba matar aure ba, ba mai takaba ba. Ba a raba gado, ba a karɓar gaisuwa.

Mainasara ya ce, "Allah shi gafarta Malam, ni na gani. Ina bakin ƙetare ina janye taruna. Jirgin ya bugi kututture ya juye. Ya taso sau biyu. Na uku bai taso ba."

"Kai ɗaya na," in ji Malam. "Akwai wanda yag gani tare da kai?"

Mainasara ya daɗe yana kallon tabarma. Ya ce Allah ne masani.

Daga bayan asabari Uwaliya ta ce, "Baba, to mutanen da ka zakkuwa, mi za ni ce musu?"

"Ki ce kina jira, ɗiyata."

Laraba, 4 ga Satumba, ƙarfe 6:30 na safe

Mataki na tara da rabi. Tsibirin ba ya nan, sai kawunan itatuwa.

Alhamis, 5 ga Satumba, ƙarfe 11:10 na safe

Na sauke ƙwaryar na duba wayar. Kiran da ya shigo ranar Asabar ƙarfe 11:10 yana nan. Minti ɗaya da daƙiƙa arba'in. Ban goge ba. Na mayar da ita.

A makarantar koyon aikin jarida malaminmu yakan sa mu tashi tsaye mu maimaita: majiya ɗaya jita-jita ce. Shekara ashirin da shida ban taɓa buga gyaran kuskure ba. Sau uku aka kai mujallarmu kotu, ba a kan labarina ba ko sau ɗaya. Ina rubuta wannan ne don gaskiya ne, ba don yana da amfani ba.

Juma'a, 6 ga Satumba, ƙarfe 5:00 na yamma

Mutane suna zuwa. Suna tuɓe takalma a ƙofar zaure, su zauna, su rasa gaisuwar da za su yi. Wani tsoho ya fara cewa Allah ya jiƙan, sai ya haɗiye sauran, ya koma tambayar ruwa. Ba a yi sadakar uku ba. Gobe bakwai, ita ma ba za a yi ba.

Uwaliya kullum tana wanka da safe, ta sa kwalli, ta ɗaura atamfa mai haske. Da rana ta zuba tuwo a kwanon Jelani ta rufe da faifai ta aje a inda yake zama. Da la'asar ta ɗauke. Na tambaye ta ko in rage mata wahala in koma Sakkwato.

"Malam Gidaɗo, maigida ya bar baƙo, ya dawo ya ishe na kore shi? Zamna."

Na zauna.

Lahadi, 8 ga Satumba, ƙarfe 9:20 na safe

Editan mujalla ya bugo. Na ce labarin bai kammala ba. Ya ce ai na ga wurin, mi ya rage? Na ce akwai abin da ba a tabbatar ba.

Mataki na takwas.

Litinin, 9 ga Satumba, ƙarfe 3:30 na yamma

Masu nema sun ragu zuwa kwalekwale biyu. Ba laifinsu ba ne, gero ya nuna, kowa yana da gona. Mainasara ya kawo wa Uwaliya kifi, ya same ni a kan matakala. Ya zauna ƙasa da ni da mataki biyu, yana ɗinke taru da allurar kara.

Ya ce ruwan bana ba irin mai mayar da mutum ba ne. Yashi ya motsa gaba ɗaya. Ya ce ya taɓa neman wani ɗan'uwansa kwana arba'in, sai bayan shekara biyu da rani aka ga abin da aka gani.

Sai ya ce, bai ɗago ba, "Rannan na hangi wani mai hwarar riga nan bisa matakala, shina ɗaga hannu shina kira."

Na ce ba ni da masaniya.

"To. Idona sun tsuhwa, Malam. Ƙila belbela ta."

Riga uku na zo da su. Duka farare ne.

Talata, 10 ga Satumba, ƙarfe 7:00 na safe

Ban iya cin zumar ba. Na ce wa Uwaliya haƙori ke damu na.

Alhamis, 12 ga Satumba, ƙarfe 1:50 na rana

Attahiru ya zo daga Goronyo a kan babur. Na ji muryarsa tun daga ƙofa, na gane ta. Sau ɗaya na taɓa jin ta. Na ja ƙyaure na zauna a bakin gado. Ya yi kusan rabin awa yana magana da Uwaliya ta bayan asabari. Ban ji abin da suka ce ba. Da zai tafi ya tsaya a gindin gawo, dab da ɗakina, na ga inuwar ƙafafunsa ta ƙarƙashin ƙofa. Bai ƙwanƙwasa ba.

Abincin rana ya zo a kan lokaci. Da kifi.

Juma'a, 13 ga Satumba, ƙarfe 4:40 na yamma

Inna Tani, mahaifiyar Uwaliya, ta zo daga Maikujera da mata biyu, za su tafi da ita gida. Ginin laka ba ya ɓoye magana.

"Ki tashi mu tahi. Mi kika yi cikin daji, ke da ƙudan zuma da baƙon da ba shi magana?"

"Inna, in matatai nike, nan ag gidana. In takaba ta, nan za ni yi ta. Ko wacce ta, ba ni tashi."

"Shekara huɗu, Uwaliya. Kina da talatin da takwas. Ki ƙirga."

"Na ƙirga."

"To wanke kwallin ga. Mutane na magana."

"Wa yac ce miki ya mutu? Ki kawo min shi in ji."

Sun tafi kafin la'asar don kada ruwa ya tare su. Na ƙirga ni ma. Arba'in da biyu.

Asabar, 14 ga Satumba, ƙarfe 11:30 na safe

Mako biyu. Rannan a daidai wannan lokaci Jelani ya biyo ta ƙofar ɗakina da filafili a kafaɗa da buhunan da zai rufe amya. Ya ce, "Edita, wa yak kira? Na ji ƙara." Na ce wani ne, ina bincikawa. Ya ce, "In mai bin bashin tsuntsaye na, ka ce na yi ƙaura." Ya sauka yana fito.

Wani ne. Ina bincikawa.

Lahadi, 15 ga Satumba, ƙarfe 6:20 na safe

Mataki na bakwai.

Litinin, 16 ga Satumba, ƙarfe 10:00 na safe

Wurin ya fara lalacewa ta ƙananan hanyoyi. Ƙura da kashin tsuntsu sun rufe farantan sola, na goge, ban san yadda Jelani yake juya su ba. Jinkar ɗaki na biyu tana yoyo. Kwatar gwanda ta toshe. Gara ta hau ƙofar ɗaki na shida. Duk abin da ke nan an yi shi ne don ya koma ƙasa in an daina taɓa shi, shi ya gaya mini haka da alfahari ranar da na zo, na kuma rubuta a littafina na aiki, na ja layi a ƙarƙashi.

Wata Baturiya ta turo saƙo a wayar tana neman ɗaki biyu a watan Disamba. Na karanta wa Uwaliya. Ta ce in ce mata maigida ba ya nan, in ya dawo zai amsa. Na rubuta haka da Turanci mai kyau na tura.

Talata, 17 ga Satumba, ƙarfe 5:45 na yamma

Na gwada lissafin ta kowace fuska. In na faɗa, ba ya dawowa. In ban faɗa ba, ba ya dawowa. Bambancin shekara huɗu ne, kuma ba nawa ba ne.

Amma Malam Lawwali ba mai unguwa ba ne. Zai tambayi abin da ni ma zan tambaya in ni ne a kujerarsa: mi ya fito da kai daga ɗaki da rana tsaka, kana gudu, kana kira, tun ruwan bai iso ba?

Laraba, 18 ga Satumba, ƙarfe 8:10 na safe

Wani gungun ƙudan zuma ya sauka a reshen gawo, kusa da ƙwaryar waya. Sun dunƙule kamar tulu. Mainasara ya ce na tsibiri ne da suka tsira, suna neman gida. Babu wanda ya iya saka amya a nan sai mutum ɗaya.

Alhamis, 19 ga Satumba, ƙarfe 3:00 na yamma

Malam Lawwali ya aiko. Ranar Litinin zai kai maganar gaban alƙali a matsayin ɓatacce. Daga ranar za a fara ƙirga.

Uwaliya da kanta ta kawo mini abinci, ta aje a ƙofa, ta tsaya. Ba ta saba tsayawa ba.

"Malam Gidaɗo, labarin da kaz zaka rubutawa, ka ƙare?"

Na ce saura kaɗan.

"To. Allah shi ba da iko."

Kwallin yana nan. Atamfar ruwan ɗorawa ce.

Juma'a, 20 ga Satumba, ƙarfe 6:00 na yamma

Na haye ƙetare na gaya wa Mainasara ba belbela ba ce. Ya ce ya sani. Ya ce gobe da sassafe zai zo da babur ɗin ɗan'uwansa.

Asabar, 21 ga Satumba, ƙarfe 5:20 na yamma

Wurno. Zauren Malam Lawwali, littattafai cikin gafaka a jingine da bango, dattawa uku. Mainasara ya maimaita nasa. Na faɗi nawa. Sun yi daidai har da sau biyun.

Malam ya yi tambayar. Kusan da kalmomin da na zata.

Na ce ƙarfe 11:10 Attahiru ya bugo ya ce a gaya wa Jelani an matso da ranar, yau za a buɗe, kada ya shiga gulbi. Na ce ban san Attahiru ba, layin yana yankewa, kuma Jelani da bakinsa ya ce sai mako mai zuwa. Na ce na buga wa wani abokin aiki a Sakkwato ya tabbatar mini. Na ce Jelani ya wuce ta gabana ya tambaye ni, ban gaya masa ba. Na ce ƙarfe biyu saura minti biyar amsar ta zo, na ruga.

Wani daga cikin dattawan ya ce, "Mutum ya ce maka ruwa na tahe, kai kuma kat tsaya neman takarda?"

Na ce haka aka koya mini aiki. Da na ji maganar a kunnena na so a ce ban yi ta ba.

Malam Lawwali ya ce wancan tsakanina ne da Allah da iyalan mamaci, ba shi aka taru a kai ba. Ya ce na ɓoye shaida mako uku, wannan kaɗai ya isa a yi shakkar mutum. Sannan ya ce wanda ya zo ya shaida abin da zai zubar masa da mutunci, ba a ganin dalilin da zai sa ya ƙirƙira. Ya karɓa. Ya ce ranar Litinin alƙali zai ji wannan maimakon waccan. Ya ɗaga hannu, a karo na farko aka ce Allah ya jiƙan Jelani har ƙarshe, aka shafa.

Lahadi, 22 ga Satumba, ƙarfe 9:30 na safe

Saƙon ya riga ni isowa jiya. Yau da safe Uwaliya ta sa aka kira ni zaure. Tana bayan asabari, amma rana ta bugo ta gefe, ana ganin ta. Farin zane mara ado. Fuskar a wanke. Kwanon Jelani yana kife a kan randa.

Na fara magana. Na shirya ta tun jiya, da farko da tsakiya da ƙarshe. Ta bar ni na kai wajen wayar.

"Attahiru ya hwaɗa min tun ran da yaz zaka."

Kwana goma. Da kifi, a kan lokaci.

Na ce mi ya hana ta tambaye ni.

"In na tambaye ka, ka ce kana ɗaki, shi ke nan ba ni da shaida har abada. Sai nib bar ka da tuwo."

Na nemi gafara. Ta ce maganar wayar ta bar wa Allah, kwanansa ne ya ƙare, ko an gaya masa wataƙila da ya ce zai riga ruwan sauko da amyarsa, ta san mijinta.

"Amma Baba ya ce daga ran da abin yaf faru aka ƙirgawa. Kwana ashirin da biyu sun hita cikin takabatai, Malam Gidaɗo. Na yi su da kwalli da turare, ina dahwa mai tuwo. Ba a maida su. Wannan ban san yadda za ni yi da shi ba tukuna."



Ta ce in zan tafi in bar makullin a jikin ƙofa, in kuma rubuta wa Baturiyar nan gaskiya.

Lahadi, 22 ga Satumba, ƙarfe 11:45 na safe

Ƙudan zuman sun tashi daga gawo, ban ga inda suka nufa ba. Mata sun fara shigowa, ana jin kuka daga cikin gida, na farko tun da abin ya faru. Babur yana jira. Mataki na shida.

Jelani ya rasu ranar Asabar, 31 ga Agusta, wajen ƙarfe biyu da kwata na rana, a gulbin Rima, tsakanin tsibiri da matakalar masaukinsa. An aiko masa da gargaɗi awa uku kafin nan, bai isa gare shi ba.

Majiya: ni.